Farin Bas: Kifin Amurka Da Doka Ta Yi Wa Gata

Daga watan Maris zuwa Mayu akan ga bidiyon Amurkawa na yawo a Facebook, sun yi layi a bakin kogi, kowa na jefa fatsa yana fizgo wani farin kifi, kafin ka ce kwabo bokiti ya cika. Masu sharhinmu sai su yanke hukunci nan take. Wasu su ce gwamnati ce ke kiwon kifin ta zuba musu, wasu su ce Allah ne kawai ya ba su. Na farkon kuskure ne. Na biyun gaskiya ne, sai dai akwai sauran zance.

Sunan kifin farin bas, masana kuma suna kiransa Morone chrysops. Jikinsa kalar azurfa ne da siraran layuka baƙaƙe, tsawonsa da wuya ya wuce santimita 30 zuwa 40. Mafi girma da aka taɓa kamawa da ƙugiya, a jihar Bajiniya a 1989, kilo 3 ne da ɗan ɗoriya, wato ko ɗan autan giwan ruwan Argungu bai kai ba. Asalinsa kogin Misisifi da rassansa da manyan tafkunan iyakar Amurka da Kanada. Jihar Okalahoma ta ɗauke shi kifinta na hukuma tun 1974.

Abin da ake gani a bidiyon tafiyar haihuwa ce. Da sanyi ya ja baya, ruwa ya ɗan ɗumama, sai garken ya baro tafki ya hauro rafi, maza a gaba. Mace guda takan saki ƙwai dubu ɗaruruwa, su manne a tsakuwa, su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku, iyayen kuma tuni sun juya. Da zafi ya yi sai su koma farauta a tafki. Sukan kewaye garken ƙananan kifaye su koro su sama, fuskar ruwa ta dinga tafasa, tsuntsaye na kai sura daga bisa. Masunci tsuntsayen yake dubawa, ya garzaya da kwalekwalensa ya jefa ɗan ƙarfe mai ƙyalli. Ko yaro ne sai ya kama, shi ya sa ake son kifin.

Da kansa yake hayayyafa. Wanda ake ƙyanƙyasa a zuba a tafkuna, yawanci barbarar yanyawa ne tsakaninsa da ɗan'uwansa mai zane na bakin teku.

Ga tarihin da bidiyon ba ya nunawa. A 1950 majalisar Amurka ta zartar da dokar Dingell-Johnson, wadda ta keɓe wa harkar kifi harajin kashi 10 cikin 100 da ke kan sandar fatsa da sauran kayan su na nishaɗi. A 1984 aka ƙara da wani kaso na harajin man jiragen ruwa masu inji. Ana raba wa jihohi kuɗin gwargwadon faɗinsu da yawan masu lasisin su, tarayya ta biya har kashi 75 na kowane aiki, jiha ta cika sauran. Amma da sharaɗi, kuma a ganina sharaɗin ya fi kuɗin daraja: sai jiha ta yi dokar hana karkatar da kuɗin lasisin masunta zuwa wani aiki dabam. Da wannan kuɗi ake ƙidayar kifi, ake gyara mashigar ruwa, ake bincike kafin a sa iyaka. A Tekzas, alal misali, ba a yarda mutum ya wuce farin bas 25 a rana ba, kuma duk wanda bai kai inci 10 ba sai a mayar da shi ruwa. Kifin da ke zuba ƙwai dubu ɗaruruwa ke nan, amma aka sa masa iyaka!

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ilmi. Da shi ake hana su a kogin Matan Fada na Argungu sai ranar gasa, kuma sarakunan ruwa sun san lokacin rufe gulbi tun kafin a kafa ma'aikatar kifi. Yau ana jan taru mai ƙananan ido a tsakiyar lokacin haihuwa, ana kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, sannan mu zauna muna yaba kifin Amurka a waya. Kwamishinonin da madatsun ruwan Kainji da Tiga da Goronyo ke hannunsu, ku fito ku gaya wa masunta nawa aka tara na lasisi bara, kuma nawa ne a ciki ya koma ruwa.