Ƙuri'ar Mata Da Kujerar Majalisa

Jama'a, yau karatunmu a kan zaɓe ne. Zaɓe shi ne mutane su fid da wanda zai tafi majalisa ya yi magana da bakinsu. Shi ake kira wakili.

A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Jihar Arewa. Matan Kudu sun yi zaɓe, amma matan Batsari da na Safana suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU, ta yi ta yawo gari gari tana cewa a ba mata ƙuri'a. Ta sha ɗauri saboda siyasa. Sai a 1976, lokacin zaɓen ƙananan hukumomi, matan Arewa suka sami wannan dama.

To, amma samun ƙuri'a daban, samun kujera daban. Ga misali. Batsari da Safana da Ɗanmusa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Abuja, mai kujeru 360. Kowace jam'iyya mutum ɗaya take tsayarwa. Masu tsayar da shi yawancinsu maza ne, takara kuwa tana cin kuɗi. Saboda haka ran zaɓe sai mata su cika layi, amma 'yan takara galibi maza ne.

Mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. A shekarar 2000 suka yi doka, suka ce lalle mata su sami aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisarsu, a na 2004 kuwa mata 14. A nan Nijeriya an kawo shawarar keɓe wa mata kujeru, amma Majalisar Tarayya ta ƙi ta a 2022.

Ina amfanin wakilcin mata? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda take ɗebo ruwa ita ta san nisan rijiya, wadda ta yi naƙuda a hanya ita ta san nisan asibiti.

Saboda haka, iyayenmu mata, ku yi rajista, ku yanki katin jam'iyya, ku riƙa halartar taronta na mazaɓa, don can ake zaɓen shugabannin da ke da baki wajen tsai da ɗan takara. Mu maza kuma kada mu hana su. A dage da koyon karatu, don kowa ya karanta alkawarin ɗan takara da idonsa.