Ɗalibin Zane da Tukunyar Miya

Duk gidan da ake ɗora tukunya an san yadda yarinya ke koyon girki. Ba a ranar farko ake miƙa mata ludayi ba. Da wanke-wanke take farawa, sai tsince shinkafa, sai jajjage, har ran da uwar za ta ce, "Je ki ɗanɗana min miyar nan, ki ji ko gishiri ya ji." To, ɗalibin da ke koyon zane da haɗa hoto, sauti da bidiyo a kwamfuta, shi ma a kan wannan turbar yake, illa dai shi murhunsa lantarki yake ci.

Shi ma da wanke-wanken yake farawa. A makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, sabon ɗalibi sai ya yi watanni yana juya takarda, katako, ƙyalle da launi a hannu kafin a bar shi ya shiga ɗakin sana'a. Har gobe malaman zane da fensir suke fara horar da yaro, ya zana kwalba, ya zana inuwarta, ya goge, ya sake. Yana ta gunaguni, shi da ya zo don ya haɗa fim, bai san ido ake wasa masa ba.

Ranar da aka ba shi aikin farko, a ce fostar taron makaranta, sai zumuɗi ya kwashe shi. Kun san miyar sabuwar mai koyo: daddawa, citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, duk abin da hannu ya kai sai ya faɗa tukunya. Haka fostar za ta fito, launi bakwai, salon rubutu biyar, taurari na walƙiya ta kowace kusurwa, ranar taron kuwa ta ɓace a tsakiya. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Darasin farko ke nan: a san abin da za a rage. Sararin da aka bari fari a jikin zane shi ne ruwan miyar, in babu shi kayan haɗin ba za su sake ba.

Wuri ɗaya ne ɗalibin zane ya fi mai girki sa'a. Manhajoji irin su Photoshop, wadda ta fito a 1990, suna ajiye aiki hawa-hawa: hoto a nasa hawan, rubutu a nasa, launin baya a ƙasa. Wato tukunya ce da za ka iya tsame gishirin bayan ya narke, ka mayar da albasa ɗanya. Wannan gatan ne ke sa mai wayo ya yi ta gwaji ba tsoro, malalaci kuma ya yi ta kwaɓa ba tunani.

Sai batun abin da ke kai sabon shiga ƙasa a maɗaba'a. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada kala huɗu yake aiki. Shuɗin da ke sheƙi a waya sai ya fito a takarda ya yi dushi-dushi, kamar miyar da ta yi armashi a kan wuta amma ta lafa da aka zuba ta a kwano. Ga kuma matsalar da mai rubuta Hausa ya sani: salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati ya zauna a tsakiyar kalma kamar tsakuwa a shinkafa. Wanda aka taɓa dawo masa da katin biki saboda haka ba ya sake aika aiki bai duba ba.

Da ɗalibin ya kai ga hoto mai motsi, ya shiga girkin biki ke nan, tukwane da yawa a wuta lokaci guda. Fim hotuna 24 yake haɗiyewa a daƙiƙa ɗaya, minti guda ya tasam ma dubu da ɗari biyar. Ga murya, ga kiɗa, ga rubutu, kowanne da lokacin zuba shi. Sauti ya riga baki da ƙiftawar ido, mai kallo ya ji kamar an sa kuka kafin ruwa ya tafasa.

Shiryayyun zane na Canva, da waɗanda ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa yanzu, su ne dunƙulen kanti. Suna ceton mai sauri, amma in da su kaɗai aka dogara, miyar kowane gida ɗanɗanonta ɗaya. Tun a 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya kan cewa a karɓi dabarar Turawa amma a yi girkin da kayan gida. Ɗalibin yau yana da dagi, da zanen bangon gidajen ƙasa, da aikin wuyan babbar riga, da shuɗin marinar Ƙofar Mata. Ran da ya fara ɗibar waɗannan ya sarrafa su yadda ba wanda ya yi, ranar aka fara gane hannunsa.

Saura ɗanɗano. A ajin zane akan kafe aikin kowa a bango, malami da ɗalibai su yi ta tsokaci. Da zafi, amma mai girkin da ba ta son a ce gishiri ya yi yawa, miyarta a nan za ta tsaya. Don haka, ɗalibai, ku adana ayyukanku tun daga na farko, har waɗanda suka ƙone, domin mai ɗaukar aiki kundin ayyuka yake nema ya gani kafin takardar shaida. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa kan zane, kada ku ce wasa yake yi. Ku saya masa fensir da takarda, ku kuma riƙa gaya masa gaskiya in ya nuna muku aikinsa.