Jemage, Lambu da Turken Dabbobi: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Jemage abokin aikin manomi ne, domin shi ke yi wa furen kuka da na ɗorawa barbara da dare, wasu ire-irensa kuma suna cinye ƙwari masu ɓarna. Sai dai kuma yakan ɗauki ƙwayoyin cuta na bairos a jikinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ya zubar da su ta miyau da fitsari da kashi.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A Malesiya, tsakanin 1998 da 1999, an yi annobar cutar Nipah a gonakin aladu da ke da itatuwan marmari dab da turaku. Jemagu na gatsar 'ya'yan itace su yar, aladu su ci, cutar ta wuce zuwa masu kiwo. Mutum fiye da 100 suka rasu, aka kuma hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. A Bangaladash kuwa, tun daga 2001, mutane na kamuwa ta shan ɗanyen ruwan dabino da jemagu suka sa wa baki.

Afirka ma ba ta tsira ba. A 1956 aka gano wata bairos, dangin ta haukan kare, a jikin jemagen Legas. Cutar Marburg, wadda jemagun kogo ke ɗauke da ita, ta ɓulla a Gana a 2022.

Matakan Kariya

1. Kada a kafa turke ko akurki a ƙarƙashin mangwaro, gwaiba ko itacen da jemagu ke kwana.
2. A tsince 'ya'yan itacen da aka gatsa a binne. Kada a ba dabba, kada yara su ci.
3. A rufe randa da rijiya da kwamin shayar da dabbobi.
4. Kada a taɓa jemage da hannu, mai rai ko mushe. A guji farautarsa da shiga kogo neman taki.
5. Idan ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti.

Kashe jemagu ba magani ba ne. A Yuganda an hallaka jemagun wata mahaƙar ma'adinai a 2008, amma waɗanda suka dawo daga baya sun fi na farko ɗauke da cutar Marburg. Don haka a nisanta su da abinci da dabbobi kawai. Malaman gona su isar da wannan saƙo ga manoma, kuma a sanar da likitan dabbobi duk mutuwar dabba ta ba-zata.