Tasirin Binciken Yury Gogotsi a Fagen Adana Lantarki

Gabatarwa

Samar da lantarki daga rana ko iska ya dogara ne ga samun abin da zai adana shi har zuwa lokacin da ake buƙata. Wannan maƙala ta duba gudummawar Farfesa Yury Gogotsi, masanin kimiyyar sinadarai da aka haifa a Yukren a 1961, wanda yake koyarwa a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya, Amurka. Manufar ita ce a fito da abin da bincikensa ya sauya a fahimtar masana, da kuma inda tasirin ya tsaya.

Batir da Supakafasita

Na'urorin biyu duk suna adana lantarki, amma ta hanyoyi mabambanta. Batir yana adana shi ta hanyar sauyin sinadarai a cikin jikinsa, shi ya sa yake ɗaukar makamashi mai yawa amma yake jinkirin cika. Supakafasita kuwa tana tara ƙwayoyin zarra masu ɗauke da caji, waɗanda ake kira ayon, a bisa fuskar wani abu mai yawan ƙofofi, galibi gawayin da aka sarrafa, har da na ɓawon kwakwa. Tana cika cikin daƙiƙoƙi, ana kuma iya cika ta a juye sau dubbai ɗaruruwa. Rauninta shi ne abin da take riƙewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na batirin litiyam mai nauyi ɗaya da ita ba. Ke nan batir randa ce, supakafasita kuwa moɗa.

Binciken 2006

Kafin wannan shekara, yawancin masana sun ɗauka cewa ƙofofin da ba su kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, ba su da amfani. Hujjarsu ita ce kowane ayon yana tafe da rigar ƙwayoyin ruwan da yake ciki, kuma da wannan riga ba zai iya shiga ƙaramar ƙofa ba. Gogotsi da ɗalibansa, tare da Patrice Simon na birnin Tulus a Faransa, sun samar da gawayi daga sinadarin titaniyam kabayid, suka riƙa daidaita girman ƙofofinsa ta hanyar sauya zafin wuta. Sakamakon da suka buga a mujallar Science ya nuna akasin abin da aka sani: da ƙofofin suka gaza nanomita ɗaya, sai ƙarfin adanawar ya ƙaru. Bayanin da ya biyo baya shi ne ayon yana zubar da wani ɓangare na rigarsa, ya kutsa, ya matsa kusa da bangon ƙofar. Daga nan masu ƙera supakafasita suka koma auna ƙofa daidai da girman ayon.

Gano MXene

A 2011 Gogotsi da Michel Barsoum da ɗalibinsu Michael Naguib suka jiƙa wani sinadari mai ɗauke da titaniyam da alminiyam da kabon a cikin ruwan asid mai ƙarfi. Asid ɗin ya cinye alminiyam, ya bar faifai siraran gaske waɗanda kaurinsu bai wuce ƙwayoyin zarra kaɗan ba. Suka raɗa musu suna MXene. Lantarki yana ratsa faifan kamar yadda yake ratsa ƙarfe, kuma suna gaurayuwa da ruwa. A 2014 ƙungiyar ta nuna cewa ana iya murza su kamar yumɓu a yi shimfiɗar da take adana caji mai yawa a ƙaramin wuri. Zuwa yau an samar da nau'o'insu fiye da 30, ana gwada su a batir, da tace ruwa, da kare na'urori daga kutsen igiyoyin lantarki.

Kammalawa

A jami'o'i akan auna tasirin masani da yawan ambaton ayyukansa, kuma ta wannan ma'auni Gogotsi yana cikin na gaba a fagensa. Sai dai ambato daban, shiga kasuwa daban. MXene yana lalacewa idan ya daɗe cikin ruwa da iska, asid ɗin da ake haɗa shi da shi yana da haɗari, kuma samar da shi da yawa cikin rahusa bai kankama ba. Batirin da ke cikin waya da mota har yanzu ba da shi ake yin su ba. Abin da ya tabbata shi ne bincikensa ya rushe zato guda da aka daɗe a kansa, ya kuma buɗe fagen da ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama suke aiki a cikinsa a yau.