Daga Karofin Ƙofar Mata Zuwa Wutar Sola

Idan ka taɓa bi ta Ƙofar Mata a cikin birnin Kano, ka ga marina zaune a bakin karofi, hannayensu sun yi shuɗi. Tarihin wannan marina yana komawa shekarar 1498. Da baba da toka suke haɗa ruwan rini. Shin ka san masana kimiyya sun sa wa wannan shuni ido wajen neman wutar lantarki?

Shuni yana shanye jan haske da ruwan lemo daga hasken rana, ya mayar wa ido da shuɗi. Hasken da ya shanye ƙarfi ne. Aikin farantin sola ke nan: ya kama wannan ƙarfi ya mayar da shi lantarki.

Farantan da muke gani a kan rufin gidaje da silikon ake yin su, ga nauyi ga tsada. Shi ya sa ake neman yin su da polima, wato dangin leda da roba, masu ƙwayoyin da suka jeru kamar sarƙa. Ledar da muka sani ba ta wuce da wuta, don haka ake naɗe waya da ita. Amma a 1977, Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa wata polima tana iya ɗaukar lantarki. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2000.

Ana gauraya abu biyu: polima mai sakin ilektiron idan haske ya buge ta, da wani sinadari mai karɓa. Tafiyar ilektiron ɗin ita ce wutar. Shimfiɗar ta fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, tana lanƙwasuwa, ana iya buga ta kamar tawada a takarda.

Ina shuni ya shigo? A 2010, masana a Jami'ar Florida ta Amurka suka fara amfani da isoindigo a irin wannan sola. Ɗan'uwan shuni ne: kayan gininsu ɗaya, jerin ne ya bambanta. A ɗakin gwaji ake haɗa shi, ba a karofi ba.

Da sauran rina a kaba. A 1986, irin wannan sola kashi 1 cikin 100 na haske kawai take mayarwa wuta. Zuwa 2022, a ɗakin gwaji ta kai wajen kashi 19. Sai dai iska da laima da zafin rana suna lalata ta da wuri, alhali silikon yana kai shekara 25. Polimar da za ta jure zafin bazarar Kano ita ake nema.

Kai da kake karatun jarrabawa da fitilar waya, wannan matsalar taka ce. Darasin kabon da ake yi muku a ajin kemistiri, nan ne mafarin wannan aiki. Ka riƙe shi da kyau.