Rollei 35: Kyamarar Aljihu ta Gwanayen Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

A zamanin fim, kyamara ta ƙwarai kaya ce mai nauyi, abar ratayawa a wuya. Wannan maƙala za ta yi bayanin Rollei 35, watau kyamarar da ta shiga aljihu ba tare da kyan hotonta ya ragu ba.

Asalinta

Wani injiniya Bajamushe, Heinz Waaske, shi ne ya zayyana ta. Kamfanin Wirgin da yake yi wa aiki ya ƙi ta, haka ma Leitz da Kodak. Sai da ya koma kamfanin Rollei na garin Braunschweig a 1965 sannan aka san darajarta. An nuna ta a bajekolin Photokina na birnin Kolon a 1966, kuma a lokacin, cikin kyamarorin da ke ɗaukar cikakken hoto a fim mai faɗin milimita 35, babu wadda ta kai ta ƙanƙanta. Daga 1971 aka mayar da ƙirarta Singafo.

Yadda Take Aiki

Asirin ƙanƙantarta yana wajen idonta, gilashin Tessar mai milimita 40. Idan za a ɗauki hoto sai a jawo shi waje a murɗa, in an gama a tura shi ciki. Saboda ƙarancin wuri, an sa hannun jan fim a hagu, mazaunin fitila kuwa a ƙarƙashi. Ƙyauren da ke shigar da haske ba ya bukatar batir. Ma'aunin haske kaɗai ke bukata.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kyamarar ba ta da ma'aunin nisa. Mai ɗauka ne zai kintaci tazarar da ke tsakaninsa da abin ɗauka, ya saita da hannu. In ya kuskure, hoton zai fito dishi-dishi, kuma ba zai sani ba sai an wanke fim, alhali lokacin ya wuce. Dabarar gwanaye ita ce tsuke kafar haske, domin gwargwadon tsukewarta, gwargwadon yadda na kusa da na nesa za su fito sarai.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa Waaske ya rage wa mai hoto nauyin kaya, ya ƙara masa na tunani. Ga wanda ya iya ta, ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ga wanda bai iya ba, asarar fim ce.