Ko Ka Sani? Tarkon Leza da Ƙwayar da Ke Jin Haske

Tarkon leza na'urar tsaro ce wadda ɗan koyon aikin lantarki zai iya harhaɗawa da kayan da ba su cika tafin hannu biyu ba: 'yar tocilan ta leza mai jan haske, batir mai bolt 9, tiransista irin BC547, ƙararrawa, da wata ƙwaya mai girman wake da ake kira LDR. Ana saita hasken ya tsallaka ƙofar garke ko bakin rumbu ya sauka a kan ƙwayar, kuma muddin yana sauka ƙararrawa tana shiru, amma da zarar mutum ko dabba ya gitta, sai tiransista ta buɗe wa wuta hanya, ƙara ta tashi.

Abin al'ajabin yana cikin ƙwayar nan, wadda ba ta da ido kuma babu abin da ke motsi a cikinta, sai wani siririn layi mai lanƙwasa na sinadarin kadmiyum salfaid. Turjiyarta, wato ƙin barin wuta ta ratsa ta, takan kai om miliyan ɗaya ko fiye a cikin duhu, amma idan haske mai ƙarfi ya taɓa ta sai ta faɗo zuwa 'yan ɗaruruwa, kamar yadda mai lambu a bakin Kogin Rahad a Sudan yake ɗauke ƙasar da ta toshe hanyar ruwa. Dalili kuwa shi ne hasken yana kwance ƙwayoyin lantarkin da ke ɗaure a jikin sinadarin, su samu damar gudana.

Ba da gangan aka gano wannan hali ba. Injiniyan Ingila Willoughby Smith yana neman abu mai tsananin turjiya domin gwada wayoyin tangaraho da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, sai ya zaɓi sandunan seleniyum, amma awon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, har aka gane cewa hasken da ke sauka a kan sandunan ne yake sauya shi. An buga bayaninsa a mujallar Nature a watan Fabrairun 1873. A 1880 Alexander Graham Bell ya yi amfani da seleniyum ɗin ya aika muryar mutum a kan hasken rana har tsawon mita 213 a birnin Washington, ba tare da waya ba. Ita leza sai a 1960 Theodore Maiman ya kunna ta farko a Amurka, wato bayan shekara 87 da binciken Smith, don haka ɓangaren tarkon da ke jin haske ya girmi wanda ke fitar da shi nesa ba kusa ba.

A gari irin Hawata ta jihar Gadarif a Sudan, inda ake noman dawa da riɗi kuma ake kiwon dabbobi, wannan saurin ji na ƙwayar shi ne babban ƙalubalen mai haɗa tarkon. Ranar Sudan tana da ƙarfin da za ta cika ƙwayar da haske ko an katse lezar, shi ya sa ake cusa ta cikin baƙin bututu domin kada ta ga komai sai abin da ya zo mata kai tsaye. Guguwar ƙura da ake kira habub takan dushe hasken har ƙararrawa ta tashi babu ɓarawo, kuma a cikin ƙurar ne layin lezar da ido ba ya gani yake bayyana fili. Ana ƙara 'yar na'urar 555 domin ƙarar ta ci gaba bayan mai gittawa ya wuce, ana kuma kafa lezar ƙasa da tsayin idon yaro, domin ko mai ƙarfin miliwat 5 tana iya yi wa ido lahani.